Yadda Na Je Bikon Namiji Hayin Gulbi

Tun ranar da na sauko daga motar Gaya ban sha fura cikin natsuwa ba. Da na ɗaga ludayi sai in ji sallama. Wannan ta ce, "Inna, da gaske kin shiga kwale-kwale?" Waccan ta ce, "Inna, wai namiji kika je biko?" Na faɗa da safe, na faɗa da la'asar, har muryata ta dushe, kuma duk wadda ta ɗauka ta kai gaba sai ta ƙara masa gishirin gidansu. Shekaranjiya a bakin rijiya na ji ana cewa wai kada ya bi mu. To, kada bai bi mu ba. Shi ya sa na zaunar da Hadiza matar jikana, wadda ta yi lakwal, wato boko, na ce ta ɗauki alƙalami. Ni ko baƙi ɗaya ban sani ba. Abin da idona ya gani zan faɗa, ita ta rubuta, wanda ya zo tambaya a karanta masa, ni kuwa in sha furata.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce ake kira Inna Mai-biko a ƙauyenmu, nan ƙasar Zabori. In mace ta yi yaji ta koma gidan iyayenta, ni ake ba goro a ce in je in rarraso ta. Tun ina goyon autana nake wannan aiki, ga shi yau furfura ta fito masa a gemu. Ina da mayafi baƙi na musamman, shi nake yafawa in zan je, kuma duk wanda ya gan ni da shi a hanya ya san wani gida ya kwana ba hayaƙi. Na yi bikon ɗiyar talaka, na yi na ɗiyar mai gari. Amma na namiji, ban taɓa yi ba, ban taɓa jin an yi ba.

Ina da jika a Gaya, ɗiyar babban ɗana. Sunana aka sa mata, don haka Takwara muke ce mata. Tana ƙarama wuta ce. Barkono ake kiranta a unguwa. Kafin ka faɗi ɗaya ta faɗi goma, in ka juya baya ta raka ka da wasu. Ta yi karatu har Yamai, ta dawo da wani aiki da sunansa na Faransanci ya ƙi zama a bakina. Abin da na gane shi ne, miji da mata in zamansu ya dagule sukan je buronta, wato ofis, ta zauna da su. Na ce ashe sana'ata ta gada, sai dai ita da kujera, ni da ƙafa. Mijinta Hamidu albasa yake sayarwa a kasuwar Malanbil, hayin gulbi, cikin ƙasar Benin. Da safe ya haye, da yamma ya dawo.

Ana nan, ana nan, sai labari ya iso mana cewa Hamidu ya daina dawowa. Ba zagi, ba duka, ba wata mace. Ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki butarsa, ya haye ya yi zamansa, har wata ya mutu wani ya tsaya. Kawunsa kuma ya aiko cewa Juma'a mai zuwa zai iso Gaya, in zaman ya ƙare gara a sallami ɗiyar mutane. Uban Takwara ba ya buɗe baki a kan ɗiyar fari. Uwarta kuwa kuka kawai take yi. Na ce a ɗaure mini kaya. Na sa goro, na sa daddawa, na ninke mayafina baƙi na sa a sama.

Motar da ta ɗauke ni ta kasuwa ce, irin wadda ake jera buhu a ƙasa, mutum a kan buhu, akuya a kan mutum. Saboda shekaruna aka ba ni gaba, kusa da direba. Ina cewa girma aka yi mini, sai direban ya miƙo mini wata igiya ya ce, "Inna, riƙe nan da kyau, ita ce ƙofar." Tun daga tashar Junju, inda na hau, har Gaya ni ce makullin motar nan. In mun faɗa rami ƙofa ta nemi tafiya, in jawo ta da salati.

Direban mutumin kirki ne, sai yawan tambaya. Da ya ji aikina sai ya rage gudu. Ya ce, "Inna, Allah ne ya kawo ki. Ni fa matata ta daina gaishe ni da safe." Na ce ya dubi hanya. Ya dubi hanya kaɗan, ya dawo kaina. Muka wuce giginyu, muka wuce gonakin rake, muka tsaya inda mata ke tallan muruci, na sayi ƙulli guda na ba sauran haƙorana wahala, shi dai yana kan maganar matarsa. Haka wannan aiki yake. Duk inda ka zauna, wani zai kwance maka kayan gidansa a cinya.

A tashar Gaya mai kabu-kabu ya ce in hau babur in ware ƙafa. Na ce masa shekaruna sun wuce nan. Na zauna a karkace kamar mai hawan jaki, na rufe ido, ban buɗe ba sai da na ji muryar Takwara.

Ta rame. Wuyanta ya yi tsawo. Amma ta tarbe ni da fara'a, ta shimfiɗa mini a ɗakin baƙi, ɗaki mai fanka a sama wadda na ce a kashe, don ba na kwana ƙarƙashin abin da ke juyi. Ta kawo shinkafa da miyar kifi. Mu da muka saba da tuwon gero, shinkafa sai ranar suna, a can kuwa kullum suna ne. Na ci, na wanke hannu, sannan na buɗe mata wuta. Na ce ta kunyata mu, mai ɗinke gidan mutane nata ya yage ba ta gaya wa kowa ba. Ina jira Barkono ta tashi. Sai ta gyara zama, ta karkata kai gefe, ta ce da wata murya mai laushi kamar audugar rimi:

"Na ji ki, Inna. Na ga abin ya taɓa ki sosai."

Na dube ta. Na ce a raina, wannan kuma wa ya musanya mini ita?

Muna nan sai wata doguwar mace ta leƙo ta katanga. Biba ce, maƙwabciyarsu, Badendiya, matar wani masunci da ake kira Jibo. Ta ce, "Tsoho, ka zo lahiya? Jikanka ya yi kewarka." Na waiga ina neman tsohon. Takwara ta raɗa mini cewa ni ake nufi, a harshensu ba a raba shi da ita, Hausar kasuwa ce ta iya. Na ce to, garin da ake ce wa mace kai, ba abin mamaki ba ne namiji ya yi yaji. Biba ta yi dariya har ta kusa faɗowa, daga nan muka ƙulla.

Washegari na bi Takwara buronta don in ga yadda nasu bikon yake. Ɗaki ne ɗan ƙarami, kujeru a kewaye, ba tabarma, ba goro. Wani mutum ya zo yana gaba, matarsa can nesa a baya da goyo. Na ɗauki ƙafa zan bi su ciki, Takwara ta tare ƙofa.

"Ba a shiga, Inna."

"Ni ma?"

"Ke ma."

Na koma gindin mangwaro na zauna. A wurinmu in za a yi sulhu, kawu yana nan, gwaggo tana nan, maƙwabta suna bayan darni suna kasa kunne, ita mai yajin kuwa kanta a ƙasa, mu ke magana a madadinta. Kafin in dawo gida gari ya san har irin miyar da aka yi faɗa a kanta. A nan an rufe ƙofa, kuma mai sulhun ta fi waɗanda take sasantawa ƙuruciya. Da suka fito ba su yi wa juna magana ba, amma na lura mutumin ya rage sauri, har ya karɓi ƙunshin da ke hannun matar.

Na ce wa Takwara, "Sau nawa kika ce mata ta yi haƙuri?"

"Ban ce ba."

"To me kika yi duk tsawon nan?"

"Na saurara."

"Ana biyan mutum don ya yi shiru?"

Ta yi murmushi ta ce ta ji ni. Nan na fara zargin inda ciwon yake. Na koma gida na ɗauko mayafina baƙi, na ce wa Biba ta kai ni wurin Hamidu a kwale-kwalen mijinta.

Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil tana nan tsaye, doguwa, amma a lokacin a rufe take. Maganar manya ce, ban shiga ba. Jama'a da kwale-kwale suke hayewa. A bakin ruwa wani mai kaki ya dubi katina, ya ce, "Inna, me za ki yi hayi? Kasuwa?"

Na ce, "Biko."

"Wace ce ta yi yaji har wata ƙasa?"

"Namiji ne."

Ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "Inna, in kin dawo ki tsaya ki gaya mini yadda ya yi, ni ma in gwada."

Gulbin nan, ku da kuke tambaya, ba irin tafkinmu ba ne. Ruwa ne mai tafiya, ba ya gaisawa da kowa. Na zauna a tsakiya na riƙe katako hannu bibbiyu, duk addu'ar da na sani na karanta, har ta shiga kasuwa da ta cin abinci. Biba tana gabana da kwandon busasshen kifi, Jibo yana baya wajen inji. Tun kafin mu bar gaɓa suka fara. Ta ce ya ɗora kaya a karkace. Ya ce nauyinta ne ya karkata jirgin. Ta ce idonsa ya mutu, bai ga wancan jirgin ba. Ya ce ya gani tun ba a haife ta ba. Rabi da Dendanci, rabi da Hausa don in amfana. Da abin ya ishe ni, ga ruwa ga faɗa, na ce, "Ku yi haƙuri, bayin Allah, ku bari mu sauka."

Sai duk suka kwashe da dariya. Biba ta juyo ta ce, "Tsoho, kar ka ɓata mana magani. Jikanka ya ba mu shi."

Ta ce shekarun baya gulbi ya ɗauke musu ɗa. Tun daga nan magana ta mutu a gidansu. Ta ajiye masa tuwo, ya ci, ya fita. Ba faɗa, ba gaisuwa, har kaji suka fi su hira. Wata 'yar'uwarta ta ja su zuwa wurin Takwara. Suka yi ta zuwa suna zaune kamar turame, ita kuma tana jira. Ran nan Biba ta fashe, ta ce masa shi ya bar yaron ya shiga ruwa. Shi ma ya daka mata tsawa, ya ce ko ta san bai ƙara barcin kirki ba tun ranar? Suka yi kuka su duka.

Ta ce, "Jikanka ya ce mana, shi faɗa ba ya ba shi tsoro, shirunmu ke ba shi tsoro. Ya ce mu yi faɗa, amma kar a taɓa iyaye, kar a tono na bara, kowa ya faɗi abin da ke cin ransa. Yanzu kullum muna sha, safe da yamma."

Jibo ya ce daga baya, "Ita tana wuce adadin da aka ce."

Ina juya maganar nan a raina har muka taɓa ƙasa. Na manta ma da tsoron ruwa.

Malanbil kasuwa ce da aka yi wa gari a gefe. Na ga mata suna tuƙa babur da kansu, da goyo a baya da buhu a gaba, ba mai kallonsu. Na ji harsuna iri-iri, amma da ka ce "nawa ne" kowa ya gane. Biba ta ja ni ta cikin masu gari da masu doya har layin albasa. Ga Hamidu zaune kan buhu yana ɗaure bakin wani. Da ya hango mayafin nan baƙi, igiya ta faɗi daga hannunsa. Ya sauko ya durƙusa.

Ban dube shi ba. Biko yana da ƙa'ida, ba a fara magana da mai yaji. Na tambaya wurin wa yake kwana, aka nuna mini wani dattijo mai rumfar kusa. Na kwance goro na ajiye gabansa na ce, "Malam, an ce ɗiyarmu tana hannunka. Mun zo ba da haƙuri."

Dattijon nan, Allah ya yi masa albarka, ko murmushi bai yi ba. Ya ɗauki goro ya fasa, ya ce, "Hajiya, ɗiyar nan ta zo mana da ɓacin rai ƙwarai. Ba ma mayar da ita sai wanda ya ɓata mata ya zo da ƙafarsa." Masu albasa suka kewaye mu suna riƙe ciki. Hamidu kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ya ja ni bayan rumfa, ya aika aka kawo abinci. Akwai wani farin abu a ganye, akasa suke ce masa. Na ɗanɗana na ji tsami, na raɗa masa cewa an cuce shi, na jiya ne aka sayar masa. Ya ce haka ake cinsa. Na ture. Amma sakwara da miyar gyaɗa da cukunsu na Fulani mai laushi, wannan kam na ci har na ji kunya. Sannan na ce, "To, angona, me aka yi maka?"

Ya daɗe yana juya albasa a hannu. Ya ce, "Inna, ba ta yi mini komai ba. Shi ne abin."

"Yi mini Hausa."

"Ni Barkono na aura. Ranar da na fara ganinta faɗa take yi da mai kabu-kabu, na ce wannan ce. Da, in na makara ta tare ni a zaure da masifa, in ji daɗi, in san an jira ni. Tun da aikin nan ya kama ta, in na yi laifi sai ta ce, na ji ka. In na ɗaga murya, na ji ka. Na ce miya ba gishiri alhali akwai, ta ce me nake ji a raina game da miyar. Na sayi rago ban gaya mata ba, na ɗaure shi a ƙofar ɗakinta, ta ce ta lura ina son a lura da ni. Bara jirgi ya kife da albasata, na dawo gida da kyar na tsira. Na so ta rungume ni ta yi kuka, ko ta ce wa ya aike ni lodin dare. Inna, kujera ta jawo mini. Ta zauna a gabana ta karkata kai. Na ce ashe ni ma na zama masu zuwa buro."

"Shi ne ka naɗe tabarma."

"Na ce in na tafi za ta biyo ni da tsiya. Sai ta aiko a tambaye ni ko ina bukatar lokaci." Ya share ido da hannun da ya taɓa albasa, ya ƙara wa kansa aiki. "In Kawu ya zo Juma'a ban san abin da zan ce masa ba. Ba na son rabuwa da ita. Amma ba na iya zama da likita."

Na dawo Gaya da la'asar. Na tarar da Takwara tana tsinke zogale a tsakar gida. Na ja kujera 'yar tsugune na sa hannu muna yi tare. Na gaya mata duk abin da ya ce, ban rage ba. Ta buɗe baki, na ga kan ya fara karkata, na ce, "In kika ce kin ji ni, da muciya zan bi ki."

Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama hawaye.

Ta ce, "Inna, kin san ni da baki. Farkon aikin nan katse mutane nake yi, kafin su zauna na gama yanke wa ke da laifi. Su suka gyara ni. Wata dattijuwa ta taɓa riƙe hannuna ta ce, ɗiyata, bari in kai ƙarshe. Na koyi jira. Na gane mai yawan ɗaga murya sau da yawa shi ya fi jin tsoro. Har Baba na fahimta, shirun nan nasa da nake jin haushi tun ina yarinya. Aikin nan ya yi mini alheri, ba zan ɓoye ba. Amma kullum ina ganin aure mai shekaru ya tsage a kan kalma guda da aka faɗa da zafi. Sai na fara tsoron bakina. In Hamidu ya ɓata mini rai, kafin in yi magana sai fuskokin matan nan su tsaya mini. Sai in haɗiye, in ɗauko muryar buro. Ranar da ya tafi na tsaya bayan ƙofa ina ji kamar in fasa tulu a kansa. Na ce a'a, ni ce fa mai koya wa mutane."

Na ce, "Ke kika ce wa Biba shiru ya fi ba ki tsoro?"

Ta tsaya da ganye a hannu.

Na ce mata aikin nan namu yana shiga jiki kamar ƙarnin kifi a hannun masunci, wanka ɗaya ba ya fitar da shi. Ni ma ya sauya ni. Da ina zuwa biko da hukunci a baki, yanzu na tsufa ban ƙara sanin wa ke da gaskiya ba, na dai san wa ke jin ciwo. Kuma marigayi kakanta ya taɓa ce mini, "Ke, ni ba surukin kowa ba ne, daina yi mini muryar biko." Washegari ya kafa ƙusa a zaure. In na dawo sai in rataye baƙin mayafin nan a can, in shiga gida a matsayin matarsa, mai mita, mai ƙorafi, mai neman kuɗin cefane.

Na ce, "Ke ba ki da ƙusa a zaurenki?"

Ranar Alhamis muka haye mu biyu. A cikin jirgi ina jin ta tana shirya magana a hankali, kalma bayan kalma, irin masu laushin nan. Na ce a raina, yau ma an yi asarar goro. Muka isa layin albasa. Dattijon ya gyara zama kamar alƙali. Takwara ta gaishe shi, ta juya wajen mijinta, ta haɗa hannu, ta fara, "Hamidu, na zo ne don in fahimci..."

Sai ta tsaya. Ta dube shi daga sama har ƙasa. Sakwarar Malanbil ba ta yi ƙarya ba, kumatunsa sun cika, riga ta ɗame a ciki.

"Hamidu. Ƙiba ka yi?"

Ya ce, "A'a, ai..."

"Ƙiba ka yi! Ni ina can abinci ya ƙi wucewa, zanena na zamewa, ina kasa kunne ko zan ji tafiyarka, kai kana nan kana cika kamar tulun ango! Ka bar ni da ragonka yana cinye mini shanya! Ka san tsoron da na ji ranar da jirgin nan ya kife? Na shiga bayi na yi kuka don kar ka gani! Ka tafi ko waiwaye babu, wai kai mai zuciya!"

Kasuwa ta tsaya. Masu doya suka matso. Biba tana bayana tana cewa, "Yauwa, ya sha magani." Ni kuwa ina tsaye ina saurare da kunnen sana'a, kuma ga abin da na ji: duk zafin nan ba ta taɓa uwarsa ba, ba ta taɓa ubansa ba, ba ta ce ya sake ta ba. Barkonon da na sani da sai ta haɗa har kakanninsa. Wannan abin da ke cin ranta kawai ta zazzage. Wutar tana nan, amma an yi mata murhu.

Hamidu yana tsaye, bakinsa har kunne, hawaye na zuba. Da ta tsaya jan numfashi sai ya karkata kai gefe, ya sassauta murya, ya ce:

"Na ji ki."

Ta sunkuya ta ɗauki albasa ta jefe shi. Ta same shi a kafaɗa, ta faɗo ta gangaro har gaban ƙafata. Dattijon ya ɗaga hannu ya ce, "Mun karɓi biko. A ɗauko wa ɗiyarmu tabarmarta."

Da muka sauka gaɓar Gaya mai kakin nan ya hango Hamidu da tabarma a hammata, matarsa na gaba tana ci gaba da lissafa masa. Ya ce, "Inna, na fasa gwadawa."

Kawu ya iso Juma'a bayan masallaci, da fuskar raba aure. Tun daga zaure ya ji ana musu a kan wa ya bar ragon ya shiga madafa. Ya ce mini, "Hajiya, ashe abin ya kai haka?" Na ce ya kai, ya zauna ya ci shinkafa. Yana ci yana kallon Hamidu da ke kafa ƙusa a bangon zaure yana waƙa. Bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba. Takwara ba ta da baƙin mayafi, jakar aikinta take ratayewa.

Na dawo a motar da ta kai ni, igiyar ma ita ce. Direban ya ce matarsa har yanzu ba ta gaishe shi. Na buɗe baki zan ce ya yi haƙuri, sai na rufe. Na ce ya faɗa mini tun daga farko. Ya yi ta faɗa har Junju, kuma wajen ƙarshe shi da kansa ya tuno abin da ya yi mata. Ni dai ƙofa na riƙe.

Masu cewa ban kawo tsaraba ba kuma, ku ji tsoron Allah. Albasar nan da aka yi jifa da ita na ɗauke ta na ƙulle a bakin mayafina. Ta ɗan fashe a gefe guda, amma ba ta lalace ba. Miyar da kuka sha a gidana ranar da na dawo, da ita aka yi. Har kuka nemi ƙari.